Ƙuri'ar WhatsApp ba ta isa ta yanke wa ƙungiya hukunci ba

Tun da WhatsApp ya fito da ƙuri'ar jin ra'ayi a watan Nuwamban 2022, wata ɗabi'a ta samu gindin zama a zaurukanmu na Maraɗi. Admin zai bari sai bayan isha'i ya jefa tambaya da zaɓi uku ko huɗu, kafin gari ya waye ya ɗauki hoton sakamako ya rubuta "masu rinjaye sun amince". Da haka ake ƙara kuɗin wata a ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da haka ake sauya ranar zubin adashe, yanzu har korar mutum ake yi a zaurukan ƴan kasuwa da na unguwanni. Wanda ya ɗaga murya sai a ce masa ai dimokuraɗiyya ce.

A duba yadda abin yake aiki tukuna. Mai buɗe ƙuri'a shi ke rubuta tambaya, shi ke jera zaɓi, har guda 12 idan ya ga dama. A ce kuɗin wata sefa 1,000 ne, shi kuma yana son ƙari. Sai ya jera 1,500 da 2,000 da 2,500, ya bar "a bar shi yadda yake" a aljihunsa. Duk wanda ya danna ya riga ya yarda da ƙarin, farashi kawai ake yi da shi. Idan kuma ƙarin ne ba ya so, sai ya raba masu son ƙari gida uku ya tara masu ƙi a gida ɗaya: mutum 45 su watsu 15-15-15, mutum 20 su ci zaɓe. Akwai kuma ɗan maɓallin nan mai ba da damar zaɓar amsa fiye da ɗaya, wanda a buɗe yake zuwa sai an kashe shi. Da yawa ba sa kashewa, shi ya sa ake ganin ƙuri'a 90 a inda mutum 60 suka kaɗa.

Su wa ke kaɗawar ma? WhatsApp lambar waya yake ƙirgawa. A garin da ɗan kasuwa ke kwana Maraɗi ya wuni Jibiya ko Katsina, mutum guda da lambar +227 da ta +234, ɗaya a WhatsApp ɗaya a WhatsApp Business, ba abin mamaki ba ne. Ƙuri'a biyu ke nan. Ga wanda ya shekara biyu bai biya ko dala ba amma yana nan cikin zaure, ga wanda aka shigo da shi jiya da yamma. A ɗaya ɓangaren kuma, ga dattijon da ke Madarunfa ko Dakwaro wanda megarsa ta ƙare sai ranar kasuwa, ga matar da wayar a hannun maigida take, ga wanda wuta ta ɗauke wayarsa ta mutu. Mafi muni, tambayar a rubuce take, sau da yawa ma da Faransanci, alhali yawancin harkar zaurukanmu da saƙon murya ake yin ta. Wanda bai karanta boko ba ko dai ya yi shiru, ko ya danna inda ya ga tsirin ya fi tsawo. Zaure na iya ɗaukar mutum 1,024. Idan 40 suka kaɗa cikin 300, su 260 ɗin ba amincewa suka yi ba, ba su ma ji an yi ba.

Inda abin ya fi ban haushi shi ne maganar sirri. Kowa na iya danna wajen duba ƙuri'u ya ga sunan kowa da abin da ya zaɓa, tun ana cikin kaɗawa. To a zauren da Alhaji mai ba ka kaya bashi yake ciki, da surukinka, da limamin unguwarku, wa zai zaɓi saɓanin nasu sunansa na tsaye ƙiri-ƙiri? Mutum biyar na farko su ke ja wa sauran linzami. Kuma tunda ana iya janye ƙuri'a a sake wata, sai ka ga an bi mutum ta bayan fage da "haba ƙanena, ya haka?", cikin minti goma ya koma ɗaya layin. Ba a faɗi lokacin rufewa ba, don haka lokacin rufewa shi ne sa'ar da lissafi ya yi wa admin daɗi.

Masu cewa wannan ya fi taro sauri gaskiyarsu ne, yanke hukunci ba tare da an tambayi kowa ba ma ya fi shi sauri. Masu cewa a bar wa dattawa komai kamar da, su ma su tuna abin da ya kori matasa daga tarukan ƙungiya tun farko.

Gaskiyar maganar ita ce zauren WhatsApp yana da mai shi. Admin na iya goge saƙon kowa, ya rufe bakin zaure sai shi kaɗai ke magana, ya cire wanda ya so, wanda ya ƙirƙiri zauren kuma sauran admin ba sa iya tsige shi. Ko a manyan dandali haka abin yake. A Disamban 2022 Elon Musk, mai kamfanin Twitter, ya tambayi masu amfani da dandalin ko ya sauka daga shugabancinsa. Sama da miliyan 17 suka kaɗa, kashi 57.5 cikin ɗari suka ce ya sauka. Cikin abubuwan farko da ya furta bayan nan akwai cewa nan gaba masu biyan kuɗin Twitter Blue kaɗai za su riƙa zaɓe kan manufofi. Mai gida ya sha kaye, sai ya waiwayi jerin masu zaɓe.

Abin kunyar shi ne a wannan jihar aka haifi tsarin da duniya ta kwaikwaya. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, tsarin asusu da ba da rance tsakanin mata da ya bazu ƙasashe da dama. Mata kaɗan ne a kowace ƙungiya, kowa ta san kowa, dokoki su suke tsara abinsu a zaune, akwatin kuɗi da kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban, mai ajiye akwatin ba ta da ko ɗaya. Da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, amma sun gane cewa ba a haɗa wa mutum ɗaya akwati da mabuɗi. Mu masu takardu da manyan wayoyi mun haɗa wa admin tambaya da zaɓi da agogo da ƙirge da sanarwa.

Gyaran ba ya buƙatar wata sabuwar manhaja. A fitar da sunayen masu biya tun kafin tambaya, mutum ɗaya lamba ɗaya. A karanta tambayar da murya cikin Hausa, a bar kwana uku ana magana a kanta, kuma "a bar shi yadda yake" ya zama cikin zaɓi kullum. A faɗi ranar rufewa da sa'a, da yawan da sai sun kaɗa hukunci zai tsaya, wani da ba admin ba ya ƙirga. Ranar walima ko launin anko, a yi ta dannawa. Kuɗin mutane da korar ɗan ƙungiya kuwa, a shimfiɗa tabarma a kira wanda ake tuhuma ya faɗi nasa.