Nasiha ga 'yan'uwa: idan wanda muka zaɓa ya sha kaye

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku, 'yan'uwa.

Wannan magana taka ce, kai da ka yi sammako ka bi layi a rumfar zaɓe, rana ta dafa ka, ka dangwala, ka tsaya har aka gama ƙirga, sa'an nan aka sanar da sunan da ba ka so. Baƙin cikinka ba zunubi ba ne. Annabi Habakkuk ya buɗe littafinsa da tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka ba a amsa masa ba, ya ce shari'a ta karkace, Allah kuwa bai kore shi ba. Kai kukanka gaban Ubangiji yadda yake a zuciyarka. Amma Afisawa 4:26 ta sa wa fushi iyaka: a yi fushi kada a yi zunubi, kada kuma rana ta faɗi ana riƙe da shi. Yakubu 1:20 ta ƙara da cewa fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah.

Kwanaki uku na farko bayan sanar da sakamako su ne mafi haɗari, kuma mun gani da idonmu. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 16 ga Afrilu, 2011, rikicin kwana uku ya ɓarke a jihohin Arewa goma sha biyu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800, sama da 65,000 suka bar gidajensu. An ƙone majami'u, an kashe Kirista a garuruwa da dama, an kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima a Bauci. A kudancin Kaduna kuma, wuraren Zonkwa da Kafanchan, ramuwar gayya ta cinye rayukan Musulmi ɗaruruwa, kuma masu amsa sunan Kristi na cikin waɗanda suka yi wannan aika-aika. Dole mu faɗi wannan a tsakaninmu. Duk jinin nan bai canza ƙuri'a ko ɗaya ba.

Yanzu wuta daga waya take tashi. Saƙon murya ya shigo WhatsApp, wani na haki yana cewa "suna zuwa, ku shirya", babu suna, babu gari, babu rana. Hoton gawarwaki na shekarun baya, ko na wata ƙasa, a manna masa sunan garinku. Kafin ka tura, tambayi abu uku: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? Sai ka kira mutumin da ke zaune a wurin, ka ji daga bakinsa. In ba ka samu amsa ba, goge shi. Fitowa 23:1 ta hana baza jita-jitar ƙarya, kuma wanda ya tura yana da alhaki kamar wanda ya ƙirƙira. Masu kula da zaurukan matasa da na Zumuntar Mata, ku taƙaita masu iya aika saƙo a waɗannan kwanaki. Iyaye, ku san inda kowane yaro yake kafin magariba, kada a bar su suna taruwa a bakin titi ko mararraba, domin dutse ɗaya ya isa. Dattawan ikilisiya kuma su karɓi lambar mai unguwa, da limamin unguwa, da shugaban 'yan sanda na yankin tun kafin ranar zaɓe. In labari ya taso, kiran minti biyu tsakanin fasto da liman yana kashe shi kafin ya yi reshe.

Haƙuri ba ya nufin a yi shiru a kan maguɗi. Da aka yi wa Bulus bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce mahukuntan su zo da kansu su fito da shi. Daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Dokar ƙasa ya bi, kuma mu ma muna da hanyarta. Sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya ba da kwana 21 daga ranar sanar da sakamako a shigar da ƙara, kotun zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Ɗan takara ko jam'iyyarsa ne ke shigar da ƙara, ba kai mai jefa ƙuri'a ba, amma shaidarka tana da amfani. Yawancin ƙararraki suna faɗuwa ne domin kotu tana neman hujja rumfa bayan rumfa, daga bakin wanda ya tsaya a wurin, ga shi rumfunan ƙasar sun haura 176,000. Bayanin da aka ji a bakin wani ba ya tsayawa, shaidar da ba a haɗa da takardun ƙara cikin kwana 21 ba kuma ana iya watsar da ita. Saboda haka in ka ɗauki hoton takardar sakamako EC8A a rumfarku, kada ka goge, kada ka gyara shi. Rubuta lambar rumfar da lokacin da aka fara da wanda aka gama, ka kai wa wakilin jam'iyya cikin makon farko. Faɗi abin da idonka ya gani kawai. Ƙara gishiri don a taimaki "namu" shaidar zur ce.

Kotu ma takan karya zuciya. A Filato, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige Gwamna Caleb Mutfwang a Nuwamba 2023, Kotun Ƙoli ta maido shi ranar 12 ga Janairu, 2024, ranar da ta tabbatar da Abba Kabir Yusuf a Kano. Amma 'yan majalisar jihar da aka tsige a kan dalili iri ɗaya ba su dawo ba, domin shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Wannan abin ciwo ne. Duk da haka, wanda ya ƙona shagon maƙwabcinsa a Nuwamba, me zai ce wa Allah a Janairu?

Fastocinmu da masu bishara, muna roƙonku da girmamawa. Ranar Lahadi ta farko, ku tuna ba jam'iyya ɗaya ce zaune a gabanku ba. A benci ɗaya akwai mai kuka da mai murna, kuma dukansu tumakinku ne. In wani ya tsaya a bagade ya ce "Ubangiji ya ce wane zai ci" kuma bai ci ba, Maimaitawar Shari'a 18:22 ta riga ta yanke: ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Dattawa su zaunar da shi, ya nemi gafarar jama'a a inda ya yi maganar. Kada a yarda da kwaskwarimar "ya ci a ruhu". Matasa da yawa suna barin sujada ne domin sun ɗauka Allah ne ya yi musu ƙarya. Wanda kuma ya zagi ɗan'uwansa a Facebook, ya kira shi maci amana saboda ƙuri'arsa, ya je ya shirya da shi kafin ya matso teburin Jibin Ubangiji, kamar yadda Matiyu 5:23-24 ta koyar.

Abu mafi nauyi shi ne yi wa wanda ya ci addu'a. A 1 Timoti 2:1-2 an umarce mu mu yi roƙo domin sarakuna da dukan masu mulki, kuma ikilisiyar farko ta yi haka a ƙarƙashin sarakunan Roma da suka tsananta mata. Irmiya ya rubuta wa bayin da aka kwashe zuwa Babila su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci nasu da yaƙi. Ku kira sunan shugaban a addu'ar safe ta iyali, yara suna ji. Ku roƙa masa tsoron Allah, da mashawarta masu gaskiya, da hannun da ba ya taɓa dukiyar talaka, ku roƙi Allah ya tare shi in ya nufi mugunta. Bakin zai yi nauyi da farko, a ci gaba. Wannan ba fadanci ba ne: Natan ya tsawata wa Dawuda, Yahaya Mai Baftisma ya tsawata wa Hirudus. Ana tsawatawa a kan aiki, da hujja, ban da zagin ƙabila ko addini.

Kada kuma a ce "na daina zaɓe". A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, wanda ya ci kuma ƙuri'unsa ba su kai miliyan 9 ba. Duk lokacin da INEC ta buɗe rajista, sakataren ikilisiya ya sanar a sujada, a rubuta sunayen yaran da suka cika shekara 18, a taimaka wa waɗanda suka canza gari ko rikici ya kora su mayar da rajistarsu inda suke zaune yanzu, a kuma tuna wa kowa ya je ya karɓi katinsa da kansa kafin a rufe rabawa.