Hidimar jama'a ba ta masu Windows kaɗai ba ce

Kwanakin baya ɗiyar yayata ta shigo gidana da yamma ranta a ɓace. Tallafin karatu take nema, hukumar da ke bayarwa kuma ta ce sai an cike fom ta intanet. Ta gwada a wayarta, shafin ya buɗe lafiya, amma da ta zo wurin ɗora hoto da takardu sai ya cije. Na ce ta kawo mu gwada a kwamfutata. Tawa tsohuwa ce 'yar gwanjo, na sa mata Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tun da Windows ya fara yi mata nauyi. Muna kaiwa mataki na uku sai ga sanarwa: dole a sauke wata 'yar manhaja, ita kuwa a Windows kaɗai take aiki. Ta dube ni ta ce, "Kawu, to yanzu ya za a yi?"

Washegari ta hau adaidaita sahu zuwa kafe. Ta bi layi, ta biya kuɗi, sannan ta miƙa wa wani yaro da ba ta taɓa gani ba takardar haihuwarta da lambar NIN ɗinta, ya zuba su a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Duk wannan da sunan an sauƙaƙa wa jama'a.

Ni ba ni da rigima da Windows, kuma ba na cewa kowa ya koma Linux ko ya sayi Mac, kwamfutar kamfanin Apple. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne hukuma ko banki su gina ƙofar da kowa zai bi, sannan su bar mukullinta a hannun kamfani guda. Wanda ya sayi kayan kamfanin ya shiga, wanda bai saya ba ya tsaya a waje, alhali da harajinsa aka gina ƙofar. A ƙasarmu abin ya fi ciwo, domin yawancin mutane ta wayar Android suke shiga intanet, da yawa ma ba su taɓa mallakar kwamfuta ba.

Mai ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi Koriya ta Kudu. A shekarun 1990 Amurka ta taƙaita fitar da fasahar kulle bayanai mai ƙarfi zuwa ƙasashen waje. Sai Koriya ta ƙirƙiro tata mai suna SEED a 1998, ta kuma kafa dokar sa hannu ta intanet a 1999. Manhajojin shiga intanet na lokacin ba su san SEED ba, don haka aka jingina ta da ActiveX, fasahar Microsoft da ke aiki a Internet Explorer kan Windows kawai. Niyyar ba ta da laifi, tsaro ake nema. Amma Amurka ta sassauta dokarta a 2000, duniya ta yi gaba, Koriya kuwa ta riga ta ɗaure kanta. Shekara da shekaru mai Mac ko Linux yana fama kafin ya biya kuɗi a banki ko ya yi sayayya, mai Windows ɗin ma sai ya yi ta sauke ƙananan manhajoji ɗaya bayan ɗaya, har mutane suka saba danna "na yarda" ga duk abin da ya bayyana a gabansu. Babu ɗabi'ar da ɓarayin intanet ke so kamar wannan.

Sai a 2014 Shugaba Park Geun-hye ta fito fili ta yi ƙorafi cewa masu saye daga Sin sun kasa sayen wata riga da wasan talabijin ya yi wa farin jini, saboda wannan shinge. Duk da haka sai a 2020 aka soke fifikon da doka ta bai wa takardar shaida ta hukuma da ake sa hannu da ita ta intanet a ƙarƙashin wannan tsari. Shekara ashirin da ɗaya ke nan, a ƙasar Samsung, wadda ba ta rasa kuɗi ko injiniyoyi ba.

A nan Afirka ma an gani. Tun 2017 kamfanin Adobe ya sanar zai daina kula da Flash, 'yar manhajar da wasu shafukan intanet ke buƙata kafin su yi aiki, a ƙarshen 2020. Lokacin ya zo, wasu fom-fom na hukumar haraji ta Afirka ta Kudu, SARS, har lokacin da Flash suke aiki. A Janairun 2021 hukumar ta fitar da tata manhajar shiga intanet don a ci gaba da cike su, kuma a Windows ta fito.

Na san hujjar da ake kawowa: gina abu don na'ura iri ɗaya ya fi arha, ya fi sauƙin gwadawa. A da akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yanzu kuwa Chrome da Firefox da Safari da Edge duk suna bin ƙa'idoji guda na buɗaɗɗen intanet, kuma kowannensu yana kulle bayanai, yana ɗora takarda, yana ɗaukar hoto ba tare da an ƙara masa komai ba. Arhar da ake magana ma ba ta gaskiya ba ce. Kuɗin da hukuma ta ƙi kashewa sau ɗaya, talakawa ne ke biyansa kullum a kuɗin mota da na kafe.

Ga kuma wata sabuwa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, Windows 11 kuma ba ya hawa sai a kan na'urar da ke da TPM 2.0 (wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfuta) da injin da bai tsufa ba. Kwamfutocin gwanjo da ɗalibanmu ke iya saye, da yawansu ba su cika wannan sharaɗi ba. Mafitar da ta rage wa mai irinta ita ce Linux, wadda kyauta ce kuma ana sabunta tsaronta. Shafin da ya ce sai Windows yana tilasta wa wannan ɗalibi ko dai ya zauna kan tsohuwar manhajar da ba a toshe ramukanta, ko ya sayi sabuwar kwamfutar da ba shi da kuɗinta.

Gyaran yana wurin bayar da kwangila. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, tana tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya, don haka tana da inda za ta tsaya ta ce duk shafin da jama'a za su yi amfani da shi dole ya yi aiki ba tare da sauke manhajar wani kamfani ba. Kafin a biya ɗan kwangila, a zaunar da shi ya cike fom ɗin daga farko har ƙarshe a kan ƙaramar wayar Android da a kan Linux da Mac. Jihohi da jami'o'i da bankuna ma su sa wannan a takardun kwangilarsu.

Ɗiyar yayata dai ta samu ta tura fom ɗinta. Da ta gaya min, na tambaye ta ko an goge takardunta daga kwamfutar kafen. Ta yi shiru. Da safe na raka ta muka koma, muka tarar da hoton takardar haihuwarta yana nan a fuskar kwamfutar, tare da na wasu mutane da dama.