Barewar Michigan da ɓaunar Yankari: wa ke ƙirga mushen dawa?

Duk shekarar da ruwan sama ya ɗauke a nan jihar Michigan ta Amurka, daga watan Agusta zuwa Oktoba, maganar da ke bakin mafarauta da manoma ɗaya ce: barewa na mutuwa a bakin ruwa. Cutar da ke kashe su ana kiranta EHD, wato cutar tsiyayar jini a cikin jikin dabba, tun 1955 aka gane ta a jihar New Jersey. Ba barewa ce ke shafa wa 'yar'uwarta ba. Wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi, ko rabin sauro bai kai ba, shi ke cizon wannan ya kai wa waccan. A cikin taɓo yake hayayyafa. Idan fari ya yi, tafki ya ja baya ya bar laka mai ɗumi a gefe, sai ƙwaron ya samu gida, ita kuma barewa ƙishirwa ta tattaro ta zuwa ɗan ruwan da ya rage.

Na ga wadda ta kamu a gefen wani rafi. Harshe a waje ya kumbura, wuya da fatar ido sun tasa, yawu na dalala, ta tsaya cikin ruwa har gwiwa saboda zafin zazzaɓi. Dabbar da ko ƙarar karan masara ta ji sai ta zabura, ga ta tana kallon mutum ba ta ko motsi. Jini ne ke tsiyaya a cikinta, kuma da alamun sun bayyana yawanci kwana ɗaya ko biyu ne ta mutu. Waɗanda suka tsira, mafarauta kan gane su da tsagewar kofato. Ba ta kama ɗan Adam. Babu maganin da za a bi dabbar dawa da shi, sai dai a jira sanyin farko mai daskarar da raɓa ya kashe ƙwaron.

A farin 2012, barewa kusan 15,000 aka kai rahoton mutuwarsu a jihar nan, a ƙananan hukumomi 30. Wannan adadi shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Wa ya ƙirga? Manomin da ya ji wari a bakin gonarsa, da maharbin da ya ga ungulaye na shawagi, su suka riƙa sanar da hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiha. Ma'aikata suka ɗebi saifa da huhu zuwa ɗakin gwaji, aka fitar da taswira, aka rage yawan lasisin harbin matan barewa a inda abin ya fi tsanani. Wasu mafarautan ma da kansu suka ce bana sun haƙura. Kuɗin aikin kuwa mafi yawansa daga aljihun mafarautan yake fitowa, ta lasisi da harajin bindiga da harsashi da aka ware wa kula da namun daji tun 1937.

Mu ma a Najeriya mun san wannan masifa, ta wata fuskar. Duk wanda ya taso kusa da ruga ya ji labarin bushiya, annobar shanu ta 1983, wadda ta zo daidai da shekarun fari, lokacin da garke ke haɗuwa da garke a rijiya ɗaya. Fulani da yawa sun wayi gari ba ko saniyar tatsa. Ba ta tsaya kan shanu ba, ta shiga dajin Yankari ta kashe ɓauna da mugun dawa. Shanu suna da masu su, an yi musu kuka, an bi su da allura har duniya ta sanar da ƙarewar cutar a 2011. Gada da gwanki da barewar jejinmu fa, wa ke tambayar lafiyarsu?

A wurinmu rani shi ne lokacin farauta. Ana fita da karnuka da gora, a cinna wa daji wuta, a tare mashaya, daidai lokacin da dabba ta fi galabaita. Idan aka ci karo da wadda ta kasa gudu, sai a ce rabo ne, a yanka, wani lokaci har ta kai kasuwa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin ba kowace cuta ce ke ƙyale mutum kamar EHD ba. Cutar anthrax da aka tabbatar a wata gona a Suleja a 2023 tana kama mai fiɗa da mai ci.

Ba na cewa mu kwaikwayi Amurka da jiragenta da ɗakunan gwajinta. Abin da ya yi aiki a Michigan ido ne da baki, kuma maharbanmu sun fi kowa sanin daji. Suna da Sarkin Baka, suna da ƙungiyoyi, ga waya a hannun kowa. A haɗa su da malaman dabbobi na ƙaramar hukuma, a aika samfur cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kuma shugabanninsu su samu ikon cewa wannan ranin a ƙyale mashaya kaza. Cutar EHD ɗin ma ta riga ta ɓulla a shanun Tunisiya a 2021, ta tsallaka Italiya da Sifaniya a 2022, kuma ƙwaron da ke ɗaukarta akwai danginsa a ƙasarmu.