Nasiha ga 'yan uwana matasa masu ɗinki

Dan Allah 'yan uwa teloli, musamman ku da aka yaye kwanan nan kuka buɗe shago, ku riƙa tunawa kayan da kuke yankawa ba naku bane, kuma ba ku za ku saka ba. Mace ta shiga Kantin Kwari ta sayo atamfa yadi shida, wata ma sai da ta kwashi adashi, ta kawo maka ta ce riga da zani take so, kai kuma don ka ga wani stayil a Instagram ya burge ka sai ka yanka mata shi. Hannu ya matse ba ya naɗuwa in za ta yi alwala, zif a baya alhali tana shayarwa, siket ɗin ko Adaidaita ba ta iya shiga da shi sai ta tattare, ga layinin mai kauri a tsakiyar zafin Afrilu. A hoto kam zai yi kyau. Amma sau ɗaya za ta saka ta tura shi ƙasan akwati, kuma ba lallai ta yi maka rigima ba, kawai ba za ka ƙara ganinta ba, ita da ƙawayenta.

Ni ban ce ka kashe basirarka ba, wallahi ina son in ga ɗinki in ce wannan hannun wane ne. Amma ka dubi babbar riga mana. Aikin aska biyu da aska takwas da masu ɗinkin hannu na Zariya suka yi suna a kai, a wuya da aljihun ƙirji yake zaune, daidai inda rigar ta fi shan ja, adon ne kuma yake ƙara wa wurin ƙwari. Ba su taɓa toshe aljihun don ado ya fito ba.

Salonka ya fito a tsaftar ɗinki, a yadda zanen atamfa ke haɗuwa da ɗan uwansa a gaban riga ba a yanke fulawa rabi ba, a zaɓin zaren da ya shiga da shadda. Kaftani kuwa aljihunsa ya ɗauki waya, wando ya bar mutum ya yi sujada hankali kwance.

In wani sabon abu na cin ranka, ka sayi yadi da kuɗinka ka ɗinka ka rataye a shago, mai so zai nuna ya ce irin wannan. Na kwastoma kuwa kafin almakashi ya taɓa shi ka tambaya, na biki ne ko na ofis ko na zaman gida, za a riƙa wankewa kullum ne, don duwatsun da aka manna da gam ba sa jure wanki. Kuma in azumi ya raba tsakiya ka daina karɓar ɗinki mai wahalar aiki, shi ke sa a kwana shagonka daren Sallah ana jiran kayan yara.