Mel Martinez: Ƙwazon baƙo da ƙofar da doka ta buɗe masa

A shekarar 1962 wani yaro ɗan shekara 15 ya sauka a Miami daga Kyuba, ba uwa ba uba a tare da shi, kuma ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci. Sunansa Mel Martinez, haifaffen garin Sagua la Grande, ɗan wani likitan dabbobi. Yana cikin yara fiye da 14,000 da iyayensu suka tura Amurka tsakanin 1960 da 1962 a ƙarƙashin shirin Pedro Pan, wanda limamin cocin Katolika Bryan Walsh ya jagoranta, saboda fargabar cewa gwamnatin Fidel Castro za ta ƙwace tarbiyyar 'ya'yansu daga hannunsu. Bayan zaman sansani, ya yi zaman riƙo a gidaje biyu a birnin Orlando, kuma bai sake saka iyayensa a ido ba sai 1966.

Ya kammala karatun lauya a Jami'ar Jihar Florida a 1973, ya koma Orlando ya shafe kusan shekara 25 yana tsaya wa mutanen da suka ji rauni suna neman diyya a kotu. A tsakanin nan ya shugabanci hukumar gidaje da kuma hukumar ruwa da lantarki ta birnin, ayyukan da ba su da armashi a jarida amma a nan ne mutum yake sanin unguwar da famfo ba ya kawo ruwa da iyalin da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. A 1998 aka zaɓe shi shugaban gundumar Orange, wadda birnin Orlando yake cikinta. Abin da aka fi tunawa da shi a wannan kujera shi ne ƙa'idar da ya kafa ta hana sauya tsarin filaye don gina sababbin rukunin gidaje a inda makarantu suka riga suka cika maƙil, matakin da bai yi wa masu harkar gine-gine daɗi ba. Daga nan ya zama ministan gidaje a gwamnatin George W. Bush a 2001, sannan sanata a 2005, ɗan asalin Kyuba na farko da ya shiga majalisar dattawan Amurka.

Amurkawa suna son ba da wannan labari a matsayin shaidar cewa mai ƙwazo ba ya taɓewa a ƙasarsu. A ganina rabin gaskiya ce suke faɗa, domin ruwa ba ya tsami banza. A 1966, shekarar da iyayen Martinez suka iso, majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman da ta ba 'yan Kyuba damar samun takardar zama ta dindindin bayan ɗan gajeren lokaci, gatan da babu wata al'umma ta yankin da ta samu irinsa. Dalilin siyasa ne: kowane ɗan Kyuba da ya tsere hujja ce a kan gurguzu a lokacin yaƙin cacar baka. Su kuwa 'yan Haiti da suka biyo teku ɗaya a kwale-kwale suna gudun mulkin kama-karya na iyalan Duvalier a ƙasarsu, an kira su masu neman abinci, aka tsare da yawa daga cikinsu a sansanin Krome, kuma daga 1981 aka riƙa tare su a kan ruwa ana mayar da su. Yaron da bai san ko gobe za a tasa ƙeyarsa ba, da wace natsuwa zai zauna karatun lauya na shekara uku?

Wani zai ce dubban ɗaruruwan 'yan Kyuba sun shigo ta wannan ƙofa, amma ba dukansu suka zama sanatoci ba. Haka ne, kuma a nan dole a yaba masa. Lokacin da Xavier Suarez, shi ma lauya, ya zama magajin garin Miami na farko haifaffen Kyuba a 1985, yana da ɗimbin ƙuri'un 'yan uwansa a bayansa. Orlando kuwa ba garin 'yan Kyuba ba ne, saboda haka sai da Martinez ya shawo kan mutanen da ba su haɗa harshe ko asali da shi ba, abin da shekarun da ya yi yana zirga-zirga a kotu da zaman hukumomin gari suka ba shi.

Alamu sun nuna shi kansa ya san darajar takardar zama. A 2006 ya haɗa kai da Sanata Chuck Hagel suka tsara sasancin da zai buɗe wa miliyoyin baƙin da ba su da takardu hanyar zama 'yan ƙasa. Ƙudurin ya tsallake majalisar dattawa, amma ya maƙale a ta wakilai, kuma masu tsattsauran ra'ayi na jam'iyyarsa ta Republican suka yi masa ca, suna kiran shirin afuwa ga masu karya doka. A 2009 ya ajiye kujerar sanata tun wa'adinsa bai cika ba.