Saurayin cikin daji: a wurinsu yarima, a wurinmu Dodo

Duk wanda ya shiga babban shagon littattafai a nan Jidda, irin su Jarir, ya nufi ɓangaren matasa, zai tarar da jerin littattafai masu bango kusan iri ɗaya: ganyaye, ƙaya, kambun sarauta, wani lokaci da wuƙa ko fure. Wasu da Turanci, wasu an mayar da su Larabci. Labarin ma bai cika sauyawa ba. Yarinya ce 'yar shekara 17 a wani ƙauye da ke bakin daji, dajin da aka hana shiga tun kaka da kakanni. Sai wata larura ta tura ta ciki, ko neman magani ga mahaifiyarta, ko bin sawun ƙaninta da ya ɓata. A ciki itatuwa suna magana, hanya tana sauya wuri cikin dare, kuma akwai wani saurayi da ba bil'adama ba, kyakkyawa, miskili, ya shekara 500 a duniya amma fuskarsa ta ɗan 20 ce. Da farko ba sa ga-maciji da juna. Kafin littafin ya yi rabi ta mace a kansa.

'Yan matanmu na nan suna karanta su sosai, musamman waɗanda aka haifa a Makka da Jidda. TikTok ne ke yi musu talla, wannan ta gama ta miƙa wa waccan. Na ji iyaye mata da yawa suna cewa a tattara a ƙone, ni ban goyi bayan haka ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan labari namu ne tun kafin a buga shi a takarda mai ƙyalli, sai dai namu ba a nan yake ƙarewa ba.

Wadda ta tashi a gidan da ake tatsuniya ta san yarinyar nan da ta ce ita ba za ta auri namiji mai tabo ba. Samarin gari suka yi ta zuwa tana kora, wannan ta ce yana da tabo a ƙafa, wancan a goshi. Dodo ya ji labari daga cikin daji, ya bi ya aro jiki sumul, ya aro riga da doki, ya shigo gari. Tana ganinsa ta ce ta ga miji. Iyaye suka yi faɗa har suka gaji, aka ɗaura aure, ya ɗauke ta suka kama hanya. Suna nutsawa cikin daji yana mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, har ya koma siffarsa. Akwai kuma ta ɓaunar da ta rikiɗe ta zama budurwa, ta auri maharbi don ta ji sirrin da yake kashe 'yan uwanta da shi. Duk kayan haɗin suna nan: baƙo mai kyau fiye da kima, daji, sirri, soyayyar da ta tsallake maganar manya. Bambancin shi ne Baturiya tana rubuta nata don yarinya ta yi sha'awar bin baƙon, kakarmu kuwa tana ba da nata don yarinya ta ji tsoronsa.

Dalilin farko a fili yake, amma ba a cika faɗinsa ba. Yarinyar da ke karanta littafin nan a Landan ba ta yarda akwai saurayin ba. Wasa ne a wurinta, tana rufe littafi ya ƙare. Mu kuwa aljani ba tatsuniya ba ne. Sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi, kuma duk alhajin da ya bi ta wajen maƙabartar Mu'alla a Makka an nuna masa Masallacin Aljanu. Ba ma zuba ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla. Ana shigar da yara gida da magariba. Idan aka ce aljani ya kamu da son budurwa a Kano ko Katsina, babu mai kawo maganar kambun sarauta, sunansa namijin dare, kuma wajen mai ruƙiyya ake nufa da ita. Malamai ma sun tattauna auren mutum da aljan a matsayin mas'alar fiƙihu. Ana ruwaitowa daga Imamu Malik cewa ya ƙi abin, don kada mace ta zo da ciki a tambaye ta mijinta ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Saboda haka idan 'yata ta ce mini, "Umma, ai labari ne kawai," gaskiya ta faɗa ta wani ɓangare, amma ita ma ba za ta shiga banɗaki ba tare da addu'a ba.

Dalili na biyu shi ne dajin kansa. Turawa sun daɗe da cin ƙarfin nasu. Kyarkeci ya ƙare a Ingila ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Tatsuniyoyin da 'yan uwan nan biyu na gidan Grimm suka fara bugawa a Jamus a 1812 cike suke da daji mai cin yara, domin tsofaffin labarai ne, masu sauran tsoronsa a jiki. Jikokinsu kuwa wurin shan iska suka gada, da alamun hanya da bencin zama. Wanda dajinsa ya zama haka yana da sararin ƙawata shi da fitilu da 'ya'yan sarakunan aljanu.

Namu bai zama haka ba. A yau idan aka ce an shiga daji da yarinya, ba wanda soyayya za ta faɗo masa a rai. Sambisa za a tuna, da 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a 2014. Za a tuna Ƙanƙara a ƙarshen 2020, da 'yan matan Jangebe a 2021. Rugu, Kamuku, Kuyambana, sunayen da a da maharba da Fulani makiyaya ne kaɗai ke ambatonsu, yanzu a labaran rediyo muke jin su tare da kuɗin fansa. Ni da nake zaune nesa, ina kiran gida in ji an ce kada a bi hanya kaza bayan la'asar, ba na iya karanta shafin da yarinya ke yawo ita kaɗai cikin itatuwa da wata yana haskawa ba tare da gabana ya faɗi ba. 'Yata ba ta jin haka. Dajin da ta sani shi ne na Ragadan a yankin Baha na nan Saudiyya, inda ake zuwa hutun zafi da tabarma da fulas ɗin shayi, hazo na sauka, birai na satar biskit. Itacen gida da ta sani da ido shi ne darbejiya, ita ma don an dasa ta da yawa a Arfa ne.

To a nan ne nake ganin Larabawan da muke zaune cikinsu sun fi mu dabara, ga shi kuwa aƙidarmu ɗaya da su a kan aljanu, kuma hukuma a nan ba ta wasa da maganar sihiri ko kaɗan. A 2013 wani marubuci ɗan ƙasar, Ibrahim Abbas, ya fitar da littafi mai suna Hawjan, labarin wani aljani Musulmi da ke zaune a wani gida a Jidda, mutane suka tare a gidan, ya kamu da son 'yarsu. Bai je ya aro dajin Jamus ba. Ya ajiye aljaninsa a unguwa, cikin gida irin wanda mai karatu yake kwana a ciki, ya bar aljanin ya ba da labari da bakinsa, yana mamakin halin 'yan Adam. An yi ce-ce-ku-ce, har aka janye littafin daga shaguna na ɗan lokaci, daga baya ya dawo. Bayan shekara 10 fim ɗin da aka yi da shi ne ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a nan Jidda, a 2023. Ba cewa nake komai na cikinsa daidai ne ba. Abin da ya burge ni shi ne mutumin ya ɗauki abin da jama'arsa suka yarda da shi kuma suke tsoro, ya gina labari a kai, bai yi kamar bai san nauyinsa ba.

Mu fa? Ba mu rasa marubuta ba. Tun shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, yawancinsu mata ne suka rubuta, yanzu kuma sun koma waya, ana sayar da su a WhatsApp, ana karanta su a YouTube. Ina sauraro, ba na ɓoyewa, su ne abokan aikina a kicin. Amma a lura da inda daji yake fitowa a cikinsu. Sau ɗaya ne: ranar da kishiya ko uwar miji za ta je wajen boka. Ta ajiye mota, ta cire takalmi, ta shiga da baya, boka ya yi dariya da jajayen idanu, shi ke nan an dawo falo mai sanyin na'ura a Abuja. A fim kuma itatuwa wurin rawa ne. Masu littattafan yaƙi, waɗanda su ne suka fi kusa da irin wannan ƙirƙira, sukan kwashe mu zuwa wasu birane masu sunayen Larabawa ko Farisawa, da sadaukai da takubba da matsafa, kamar dai ƙasar Hausa ba ta da abin mamaki nata. Wannan hanya tsohuwa ce, Dare Dubu da Ɗaya ya daɗe da shiga jininmu, kuma tun littattafan farko na gasar rubutun Hausa ta 1933 ake tafiya nesa neman abin al'ajabi. Ba laifi ba ne. Sai dai an bar na gida tamkar ba a san da shi ba.

A duba abin da ke ƙasa ba a taɓa ba. Tsamiya da kuka, waɗanda kowane ƙauye yake da guda da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe. Marubucin Turai da zai sami itace mai wannan hali a ƙasarsu, da ya gina masarauta guda a kansa. Guguwar da ke tasowa tsakiyar fili a ce wani ne ke wucewa. 'Yan ruwa. Maharba da layar zana da baduhu, da mutanen da ake cewa suna rikiɗa su zama kura. Jangare, birnin iskoki a bakin 'yan bori, da gidajensa da sarautunsa, da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna, kowanne da halinsa da tufafinsa da kiɗansa. Na san da jin wannan wasu za su ce a'uzubillahi, kuma ina gane dalilinsu. Amma ba da labarin abu daban, bauta masa daban. Muna ba yara labarin Fir'auna ba don su bi shi ba, kuma marubuciya mai hankali ta san yadda za ta nuna iyakar ikon waɗannan halittu ba tare da ta mayar da littafinta wa'azi ba.

Abin da nake so in karanta shi ne labarin da zai riƙe abu biyun tare: jan hankalin da ke cikin nasu, da tsoron da ke cikin namu. Littattafan Turawan suna da wani rauni da ke damuna. Saurayin ya tsare yarinya a fadarsa, ya yi mata ƙarya, ya raba ta da danginta, amma don yana da kyau kuma yana da wani tsohon ciwo a zuciya sai a yafe masa komai. Wannan darasi ne mai haɗari ga 'yar shekara 15. Tatsuniyarmu kuma tana da nata raunin: yarinya ba ta da wani laifi sai na zaɓe, kuma kullum sai an hukunta ta, wani ƙaninta ko tsohuwa ya zo ya cece ta. Ba a taɓa barin ta gane Dodo da kanta ba, balle ta fito da ƙafarta. Tsakanin waɗannan biyun akwai labarin da ba a rubuta ba tukuna, kuma Bahaushiya ce ta fi cancanta ta rubuta shi, don ita ce ta san cewa kyakkyawan baƙo da daji duka biyu gaskiya ne.

Wata magana ga iyaye 'yan uwana, a taƙaice. Bangon littattafan nan yana yaudara. Akwai waɗanda aka rubuta don matasa da gaske, akwai kuma na manya masu bango iri ɗaya da batsa a fili a ciki, kuma a intanet duk a haɗe suke. A buɗe tsakiya a karanta shafi biyu kafin a biya kuɗi. Littattafan Hausa na waya ma ba su tsira daga wannan ba, wasunsu sun fi na Turawan rashin kunya, don haka kada mu yi ta nuna yatsa waje.

Saura matsalar da ta shafe mu mazauna nan kai tsaye. Yawancin 'ya'yanmu haifaffun Saudiyya suna jin Hausa, suna yin ta gauraye da Larabci, amma ba sa iya karanta rubutun boko da ita, don da Larabci suka yi makaranta, wasu da Turanci. Ko an rubuta littafin da nake fata, ba za su ɗauka su karanta ba. Ta kunne zai shige su, kamar yadda tatsuniya ta shige mu. Duk marubuciyar da ta yi niyya, ta nemi mai murya ya karanta shi a YouTube babi-babi, kuma ta bar sunayen itatuwan yadda suke, kada ta sauƙaƙa. Idan yarinya a unguwar Misfala ta Makka ta ji an ce gawo ba ta gane ba, za ta tashi ta tambayi kakarta.