Dorina ba za ta gyara ajin da babu doka a cikinsa ba

A taron iyaye da malamai na makarantar da 'yata take, a nan Tudun Wadar Kaduna, wani dattijo ya miƙe ya ce a mayar wa malamai dorinarsu, yara sun lalace. Tafi ya ɓarke, hedimasta yana gyaɗa kai. Tun ranar abin yake ci mini rai.

Hujjar dai ita ce wadda muka saba ji: "Mu ma da bulala muka tashi." Ni ma na sha ta. Amma masu wannan magana, wa ya taɓa leƙa aji da safe ya ga yadda ake ciki?

Ni na leƙa. An kaɗa ƙararrawa, malam bai shigo ba sai da aka ci kusan rabin darasi. Monita na tsaye gaban allo yana rubuta sunayen masu surutu, yana tsallake abokansa. Da malam ya iso, sai kamun kunne da tsallen kwaɗo. Yaron da jiya ya yi magana bai ɗaga hannu ba aka yi dariya, yau laifin nan ne ya jawo masa duka. Me wannan yaro zai koya? Karatun fuskar malam kawai: in ta saki a yi wasa, in ta murtuke a nutsu. Wanda bai gindaya doka ba, da wane baki zai ce an karya ta?

A makarantar nan dai akwai wata malama a aji uku da ba ta riƙe ko tsumagiya. Dokokinta huɗu ne, kuma makon farko na zango kacokan take ɓatawa tana koyar da su kamar yadda take koyar da lissafi: yadda ake shiga aji, yadda ake neman izinin magana, yadda ake miƙa littafi, abin da ake yi in an gama aiki. In ta tafa sau biyu, su tafa sau biyu, aji ya yi tsit. Wanda ya kiyaye ta kira sunansa ta yaba masa. Wanda ya saɓa, hukuncinsa ɗaya ne ko ɗan wane ne, ranar Litinin ko Alhamis. Ita kuma ba ta makara.

Masu cewa cunkoso ne bai bari ba, sun juya zancen ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, alhali a wasu makarantun Rigasa sai ka tarar sun haura ɗari, wasu zaune a ƙasa. Ai irin wannan ajin ya fi kowane buƙatar tsari, don ba hannun da zai zane yara ɗari kuma ya riƙe alli.

A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, 21,780 suka faɗi aka sallame su. An auna abin da ke kansu. Riƙe aji kuwa ba a takardar jarrabawa ake ganin sa ba, kuma har yau malamai da yawa ana miƙa musu alli ne a ce Allah ya ba da sa'a, sai su koma ga abin da aka yi musu suna yara.

Abin takaici, hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna take tun 1976. Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta haɗa kai da ita, a sa sababbin malamai su zauna a ajin irin malamar nan kafin a ba su nasu. Hedimastoci kuma su fara da rajistar zuwan malamai kafin su aika kasuwa sayen dorina.